Gurup da inbata a layi ɗaya: wa ke kiɗa, wa ke amshi?

Tun da Najeriya ta yanke muna kuran a watan Agusta 2023 bayan juyin mulki, har zuwa Maris 2024 da anka maido shi, babu mai sana'a a Maradi da bai sha karatu ba. Kowa ya gane cewa wutar garin ga a kan layi ɗaya take rataye, wanda ya taho daga Katsina ya bi ta Gazawa, mai 132 kV, in an taɓa shi can mu nan sai fitila. Mai hali ya sayi gurup, gazuwal ya ci mishi riba, sai ya waiwayo wajen pano, yanzu kuma ga batiri litiyom ya cika kasuwa kowa na tambaya. To tambayar da ake yi min kullum ita ce wanne ya fi arha, ni kuma tambayar da nake mayarwa ita ce, in kuran gari ya tafi, wa zai riƙe muku kiɗa a gidan?

Bari in faɗi abin da nake nufi da kiɗa. Kuran da muke aiki da shi yana kai da komowa sau 50 cikin sakan guda, shi ne 50 Hz ɗin da kake gani a fuskar gurup, kuma ƙarfin turinshi 230 bolt a waya ɗaya, 400 tsakanin wayoyi uku. Dole wani abu guda a cikin layin ya riƙe waɗannan biyun, sauran su bi shi. Gurup yana riƙewa ne da jikinshi, babban gurup na gazuwal yana juyawa sau 1500 a minti, ƙaramin na esans da ake ajiyewa bakin butiki sau 3000, in juyin ya ragu Hz ya ragu, babu wata dabara.

Ka taɓa tsayawa wurin mai injin niƙa lokacin da mace ta juye mishi tiya biyu ta jiƙaƙƙen gero gaba ɗaya? Muryar injin takan yi ƙasa, dum dum dum, kamar zai mutu, hayaƙi ya yi baƙi, sai kuma ya murmure ya koma yadda yake. Wannan babbar ƙafar ƙarfen da ke gefenshi ita ta hana shi mutuwa a wannan sakan ɗin, nauyinta ya ci gaba da jan injin kafin mai ya ƙaru. Gurup ma haka yake, nauyin ƙarfen da ke juyawa shi ke sayo mishi lokaci kafin gwamna, wato abin da ke daidaita gudun injin, ya buɗe gazuwal. Inbata (mu nan wasu ondilar suke cewa), wato akwatin da ke mai da wutar pano ko ta batiri irin kuran da gida ke aiki da shi, ba ta da ko gram ɗaya da ke juyawa in ban da fankar sanyaya ta, duk abin da take yi lissafi ne cikin kwamfutar da ke cikinta. Tana da sauri wanda gurup ba zai taɓa kamowa ba, amma ba ta da ƙashi.

Kuma inbata iri biyu ce, nan ne mutane ke hasarar kuɗi don a kanti duk kamarsu ɗaya, akwati fari mai ɗan allo. Akwai ƴar amshi, wadda ba ta da batiri, sai ta ji kiɗan wani a layi sannan ta zuba nata kuran daidai da shi, kiɗan ya tsaya ita ma ta tsaya cak, ko da rana na tsakiyar ka. Ba lalacewa ba ce, da gangan anka yi ta haka don kada ta tura wuta cikin layin gari ma'aikaci na saman fal yana gyara. Akwai kuma mai kiɗa da kanta, wadda ke jingine da batiri, ita ke yin 50 Hz da 230 nata ko babu kowa.

Wani Alhaji mai ƙanƙara a wajen Ali Ɗan Sofo, ba zan faɗi suna ba, ya kira ni bara ana tsakiyar zafi. Yana da gurup 60 kVA, wato kilowat 48 ke nan na gaskiya, injinan ƙanƙara biyu da ɗakin sanyi da famfon forajinshi, duka da rana suna jan wajen kilowat 35. Wani ya zo ya ɗora mishi pano na kilowat 30 da ƴar amshi, ya ce mishi gazuwal ya ƙare a gidan ga. In akwai kuran gari lafiya lau abin ke tafiya, kontar ma ta rage gudu. In babu, anka tada gurup, sai abin mamaki, kullum da safe lafiya, amma ranar Juma'a wajen ƙarfe ɗaya sai komi ya mutu. Yaran gidan har sun fara cewa a kira malam ya yi addu'a.

Na zauna bisa buhun gishiri ina kallon allon gurup ɗin tun sha biyu da rabi. Yara sunka fara kashe injin guda za su tafi masallaci, famfo ya cika tanki ya tsaya da kanshi, na ga allon na saukowa 12, 7, 3, sai ga alamar ragi a gaban lambar, muryar gurup ta yi wani siriri tana tashi sama kamar babur da anka ɗaga ƙafar baya, sai ƙwas. Pano na ba da fiye da abin da gidan ke sha, rarar ba ta da wurin zuwa sai cikin gurup, ta mai da shi mota, wato injin da kuran ke juyawa, tana tura shi. Allah ya sa akwai kariyar da ke yanke shi in wuta ta komo baya, da babu da wani zance ake.

Na ce, "Alhaji, Allah shi daɗe da ranka, ba aljani ba ne, pano ɗin ne ya fi ƙarfin gidan a wannan lokacin."

Ya ce, "To injiniya, in rage pano ke nan bayan na biya kuɗina?"

Daga nan ne munka zauna munka auna hanyoyi ukun da zan kwatanta muku.

Ta farko ita ce a bar gurup yana jan ragama, ƴar amshi na taimaka mishi, amma a sa musu ɗan akwatin da ke auna abin da gurup ke ɗauka ya riƙa ce wa inbata rage ko ƙara. Dalili, gurup na gazuwal ba ya son zaman banza. Masu ƙera shi sun ce kada ya daɗe yana aiki ƙasa da wajen kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinshi, in ba haka ba man ba ya ƙonewa duka, ka ga baƙin ruwa mai kauri na ɗiga daga salansa, injin ya cushe. Kashi 30 na 48 wajen 14 ke nan, to in gidan na jan 35, abin da za a bar pano ya bayar bai wuce 21 ba, sauran 9 ɗin da anka saya suna kwance bisa kwano suna shan rana. In gidan ya sauko 20, pano 6 kawai zai bayar. Ka ga ribar ba kamar yadda anka zana mishi a takarda ba ce. Gazuwal zai ragu ƙwarai, don gurup mai ɗauke da kaya daidai yana shan wajen lita ɗaya ga kilowat-awa 3 zuwa 3 da rabi, duk abin da pano ya ɗauke mishi ragi ne, amma ba zai taɓa hutawa ba, awowinshi na tafiya, bidanj na zuwa a kan lokacinshi.

Sai matsalar gajimare, wadda ba a gani sai damina ta kama. Hadari ya taso daga gabas ya rufe rana, pano ya faɗo daga 20 zuwa 5 cikin ƴan sakanni, gurup ne zai kwashe wannan 15 ɗin nan take. In yana da sarari zai yi irin na injin niƙa, ya nisa ya murmure. In ƙarami ne ko ya tsufa, Hz ya zurma, ita kuma ƴar amshi da yawansu an saita su su fita in ya sauka ƙasa da 47.5 ko ya haura 51.5, to sai ta janye ɗan 5 ɗin da ya rage, wato daidai lokacin da ake neman taimakonta ne take ɗebe hannu. Wanga hali nata ba a ƙaramin gida kaɗai yake ba. A kudancin Ostareliya ran 28 ga Satumba 2016 guguwa ta kada manyan falolin layi, injinan da ke ba da kuran da iska da yawa sunka ga tansiyo, wato bolt ɗin layin, ta faɗi ta tashi sau da dama a jere, saitin kariyarsu ya ce su janye, sunka janye, layin da ke haɗa su da jihar maƙwabta ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinshi ya yanke, jiha guda ta faɗa cikin duhu. Bayan nan ne anka gina musu babban batirin Hornsdale na Tesla a 2017, mai megawat 100, anka gyara saitin, daga baya kuma sunka kafa manyan injina masu juyawa kawai ba su ƙona komi, don nauyinsu. Wato su ma da kuɗinsu ba su zaɓi ɗaya sun yar da ɗaya ba.

Amfanin wagga hanya dai arha, babu batiri, kuma gurup na da abin da inbata ba ta da shi, ƙarfin tada mota. Riƙe wannan, zan dawo kanshi.

Hanya ta biyu, a sauke gurup daga sarauta a ba inbata mai batiri, shi ya koma ɗan jiran ko-ta-kwana, sai batiri ya yi ƙasa ko an kwana biyu babu rana a tada shi. Gaskiya in ka ga wagga tana aiki sai ta burge ka. Kuran gari ya tafi, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba ta karɓa, ko telebijin ba ta mutuwa. Hz na zaune a 50 kamar an buga ƙusa. Gajimare ya zo batiri ya cike gurbin, rana ta yi yawa batiri ya sha rarar, in ya cika kuma masu kyau daga cikinsu sukan ɗaga Hz kaɗan da gangan zuwa 51 da wani abu, ƴar amshi ta ji ta rage da kanta, ba waya ba komi, da kiɗan kawai suke magana. Sharaɗi dai kada ƴar amshi ta fi mai kiɗan girma, kamfanin Victron mai ƙera inbata ma ƙa'idarshi ɗaya da ɗaya ce, kuma sai ka tabbata su biyun sun san wannan yaren, don ba kowace ke ji ba.

To ina aibin? Mota. Motar kwamfuresa mai kilowat 7.5 tana jan wajen amfiya 15 in tana tafiya, amma a sakannin tashi tana neman ninki 6 ko 7, ka ce 90 zuwa 100. Gurup ya saba, zai yi gurnani tansiyo ta ɗan faɗi fitilu su lumshe, ya tada ta. Inbata mai 15 kVA ta wayoyi uku wajen amfiya 22 take bayarwa a kowace waya, mai kirki ta ninka biyu na ƴan sakanni, 44 ke nan, ko rabin abin da ake nema bai kai ba, sai ta yi ƙara ta kashe kanta don kada ta ƙone. Kuma ko ta iya, batirin fa? Batirin litiyom na 48 bolt mai 100 Ah da yawa ƴar kwamfutar da ke tsaronshi ba ta barin fiye da amfiya 100 su fita, wajen kilowat 5, ka ja fiye da haka ya rufe ƙofa. Na sha ganin mutum ya sayi babbar inbata ya jingina ta da batiri ɗaya yana mamakin me ya sa firiza uku ke kada ta. Maganin shi ne a rage wa motar haɗama, ko da haɗin tauraro da kusurwa uku wanda ke rage jan tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, ko mafi kyau a sa mata bariyatar, akwatin da ke daidaita gudun mota, ya tada ta sannu sannu, kuma kada a bar motoci biyu su tashi tare. Wannan kuɗi ne da ba a sa wa cikin lissafin farko, kuma dole ne.

Akwai wani aibin da ya fi ba ni tsoro don ba a ganinshi sai ranar da ya faru. Dijontar da ke cikin akwatinka, wato abin da ke faɗuwa ya yanke wuta in ta yi yawa, in ka duba za ka ga an rubuta C32 ko C20. Wannan C ɗin na nufin sai kuran ya kai ninki 5 zuwa 10 na lambar kafin ya faɗi nan take, C32 sai ya ga amfiya 160 zuwa 320. Layin gari na iya ba da haka in waya ta haɗe, babban gurup ma yana yunƙurawa ya ba da ninki da dama a farkon lamarin. Inbata ba ta iyawa. Waya za ta haɗe a ɗakin mai gadi, dijontar ɗinshi na tsaye bai ji komi ba, ita inbata ta kashe gidan duka har ɗakin sanyi. Shi ya sa in an koma hannunta sai an sake duba akwatin, a rarraba layukan, a sa ƙananan dijontar ko masu harafin B da ke faɗuwa a ninki 3 zuwa 5, a sa mai jin yoyon wuta na 30 mA, a kuma binne wayar ƙasa ta gaskiya ba ɗan guntun rodi cikin yashi busasshe ba.

Ga kuma zafinmu. Afrilu da Mayu muna haura digiri 40, cikin ɗakin kwano da anka rufe ya fi haka nesa, inbata da yawa daga 40 ko 45 suke fara rage ƙarfinsu da kansu, wato lokacin da ƙanƙara ta fi kasuwa, balle in ya haɗu da azumi, shi ne lokacin da take da rauni. Batirin ruwa ko na jel kuwa duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana cin wajen rabin rayuwarshi, ni dai ba na ba mai sana'a shawararshi a garin ga, litiyom ya fi juriya amma shi ma yana son inuwa da iska. Ƙurar hunturu ba ta bar kowa ba, tana toshe matatar gurup, tana toshe fankar inbata, tana rufe pano.

Hanya ta uku ba sai na daɗe a kanta ba, a manta da rana a ƙara sayen gurup. Wajen kwanciyar kuran babu abin cewa, kowane makaniki a Sabon Gari ya san cikinshi, kayan gyara ga Jibiya ga Kano. Amma kai da gazuwal ne har abada. Na fi ganinta ga masu walda, don walda fizga take yi, inbata ba ta son fizga.

Wani zai ce ai an ga abin da kuran hasken rana ya yi wa Sifen da Fotugal ran 28 ga Afrilu 2025, da tsakar rana wutar ƙasashen biyu ta mutu gaba ɗaya. An yi ta yaɗa cewa rashin nauyin injina ne, amma binciken gwamnatin Sifen ya fi ɗora abin kan tansiyo da ta yi ta hawa babu isassun masu danne ta, tashoshi sunka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fita abin ya ƙaru. Na kawo shi ne don mu nan ma mun fi kallon Hz mu manta da bolt, alhali muna ƙarshen dogon layi, da magariba tansiyo ta faɗi da rana ta hau, ƴar amshi kuma a layi mai rauni ruɗewa take, tana bin kiɗan da ita kanta take karkatawa. Da can injiniyoyin manyan layuka lissafin sakan sakan ya ishe su don injina masu nauyi ba su da gaggawa, yanzu da inbata ta yi yawa sai sun bi abin a kwamfuta cikin kashi dubu na sakan. Da tashoshin hasken rana irin na Malbaza mai megawat 7 da Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai, wanga lissafi ya iso ƙasarmu.

Mu a ƙaramin gida ba mu buƙatar wannan duka, gwaji ake yi da ido. Kafin ka biya kowa ko dala, a rataya ma'auni a akwatinka sati guda cur, har da Juma'a da dare, a ga mafi yawan abin da kake ja da mafi ƙaranci, na biyun ma ya fi muhimmanci in za ka haɗa da gurup. In an gama haɗi kuma kada ka cika kuɗi sai an gwada a gabanka, a kashe kuran gari a tada babbar motarka sauran kaya na aiki, a kashe pano gaba ɗaya da tsakar rana ka ga ko gurup ko batiri zai tare, sannan a kashe babban kaya farat ɗaya ka ga inda rarar za ta. Mai haɗin da ya ƙi yarda da wannan, ka san dalili.

In ka tambaye ni, mai kilinik ko farmasi ko otal ko makaranta, wanda kayanshi fitilu ne da fanka da firigo da kilim ƙanana kuma yana son wuta da dare shiru, ya tafi ga batiri kai tsaye ya bar ɗan gurup a baya, kuma a rage wa inbatar yawan cajin da take ja daga gurup ɗin don kada ta durƙusar da shi. Mai manyan motoci da ke aiki da rana kaɗai, niƙa, matsar man gyaɗa, injin katako, ya bar gurup a gaba ya sa pano daidai wa daida da akwatin da ke rage shi, batirin da zai tada waɗannan motocin kuɗinshi zai sayi wani gurup ɗin har da canji.

Shi Alhaji tsakiya ya faɗa, don haka raba gidan munka yi. Injinan ƙanƙara biyu sunka zauna a layin gurup da ƴar amshi, munka sa akwatin ragewa, munka kuma mai da famfon foraj ya riƙa tashi daga sha biyu zuwa uku don ya sha rarar rana. Ɗakin sanyi da fitilu da ofis munka ware su kan inbata mai batiri da pano 10 daga cikin kilowat 30 ɗin nan da dama ba su da aiki, kwamfuresan ɗakin ya samu bariyatar. Yanzu ƙarfe goma na dare ake kashe gurup, ɗakin sanyi ya kwana bisa batiri. Abin da ya rage muna gardama a kai shi ne wankin pano, na ce duk kwana uku in ana ƙura, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, shi kuma ya ce sati sati ya isa, ruwan ma ai na ƙanƙara ne.